Ka Sauke wa Asabe Ayoyin Nan

Zuwa ga Baban Asabe,

Gaisuwa mai yawa gare ka, da matarka Rahila, da yaran duka biyu. Allah ya kai ku Yamai lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya saukar da ku cikin mutanen kirki. Ya sa wannan sauyin wurin aiki ya zama alheri gare ka da 'yan lakwal, wato 'yan makarantar da za ka koyar a can. Amin.

To, addu'a ta ƙare, saura faɗa. Zan ba Rahila takardar nan, in ce kada ta miƙa maka sai motar kamyo ta wuce Doso, don na san halinka. In ka karanta ta a tsakar gidan nan, tabarau za ka gyara ka ce mini, "Inna, ba ki gane ba." Babanku yana nan zaune kusa da ni yana tufkar igiyar guga, tun ɗazu yake cewa in ƙyale ka, wai, "Mushe na fa, ya hi mu sani." Wai mushe, haka ake ce wa malamin lakwal, ni da na goya shi a bayana! Ya fi ni Faransanci, na yarda. Amma ban yarda ya fi ni sanin yadda ake lalata wa yaro Kirsimeti ba, don ni na daɗe ina wannan aikin, kuma a kanka na koya.

Shekaranjiya na zaga bayan rumbu ɗibar kara, na tarar da Asabe a tsugune, fuska ga bango, tana ta motsa baki. Na ce, "Ke, mi kike yi nan ke ɗai?" Ta ce bita take yi. Ashe ayoyi biyar ka ɗora mata, da Faransanci, za ta tsaya gaban jama'a a majami'ar Yamai ranar Kirsimeti ta faɗe su. Yarinya 'yar shekara biyar, wadda ko sunan garinsu ba ta gama iya faɗi ba. Na duba ƙwaurinta na ga sawun tsumagiya, ba ɗaya ba. Ta ɗago kai ta ce da ni, "Kaka, in na mance guda, Kirsimeti ba ta zakkuwa gidanmu ko?" Karan da na je ɗiba ban ɗebo shi ba. Tun ranar raina yake a ɓace, da kai da ni kaina, kuma ban san wanda na fi jin haushi ba a cikinmu.

Sauran kwana goma sha biyu ranar ta zo. Ko yarinyar nan ta tashi tana ɗokin Kirsimeti, ko ta tashi tana tsoronta da tsoronka gaba ɗaya, a cikin kwanakin nan za a yi ta. Shi ya sa zan zayyana maka shirmen da na tafka a kanku, kai da ƙanwarka Hannatu, ko ka ɗauki wani abu.

Shekarar da muka shiga addinin nan ni da babanku kana da shekara huɗu, Hannatu tana rarrafe. Ban san yadda ake Kirsimeti ba. Abin da na sani kawai, na kai ƙwai gidan mishan, na leƙa ɗakin matar Bature, na ga itace a tsaye a tsakiyar ɗaki an manna masa auduga da takardu masu launi. Ban tambayi kowa dalili ba, na ɗauka farilla ce. Na saɓi gatari na nufi gindin dutse na saro reshen aduwa. Aduwa fa! Duk itatuwan da Allah ya shuka a Arewa na rasa wanda zan ɗauko sai mai ƙaya. Na kafa shi a cikin tsohon tulu, na tsittsinke audugar da nake kaɗi na maƙala masa, na ja baya ina kallo ina jin na zama madam. Ranar Kirsimeti tun da safe ka taka ƙaya, Hannatu ta cusa audugar a baki, ni kuwa na wuni ina tsaye ina ihu, kada ku taɓa, kada ku matsa, ku fita, ku shigo ku gani amma daga nesa. Da azahar akuyarmu ta shiga ta cinye ganyen, ta ture tulun ya fashe. Babanku ya leƙo ya ce, "Mu dai ba mu ga amfanin iccen ga ba, amma akuya ta gode." Na yi kwana biyu ban yi masa magana ba.

Kai kuwa da na kore ka daga ɗaki, sai ka bi yaran maƙwabta bakin tafki kuka kwaɓo laka kuka gina shanu, kamar yadda kowane yaro yake yi a ƙasar nan. Babanku ya gaya maka a cikin dabbobi aka haifi jaririn da ake Kirsimeti dominsa. Ka samo sakaina ka yi komin dabbobi da ita, ka naɗe ƙwarar gyaɗa da tsumma ka kwantar a ciki, ka jera shanunka kewaye, har da wani abu mai ƙafa uku da ka rantse raƙumi ne. Ka wuni a wurin da ɗingishinka kana yi musu magana. Daga nan al'adar shanun laka ta samo asali a gidan nan, ba ni na ƙirƙiro ta ba, kai ne, ni tawa dabarar tana cikin akuya. Yanzu na ji ka ce wa Rahila in kun isa za ka nemo itacen takarda a kanti, da kado, wato kyauta, a cikin kwali, har za ka manna gemun auduga ka zama tsohon nan na Nasara. Ban hana ka ba, ko da yake ƙaramin naku ihu zai yi in ya ga gemun, ka rubuta ka ajiye. Amma ka ba su abin da za su yi da hannunsu, wanda in ya karye ba wanda zai daka musu tsawa. Yamai bakin kogi take, laka ba ta yi muku wuya. Ka bar su su fara gini mako guda kafin ranar, don a wurin yaro rabin daɗin yana cikin jiran.

Sai batun tufafi, wanda har yau in na tuna kunya take kama ni. Shekara ta biyu na sa aka ɗinka muku sababbin kaya, amma na ce da maɗinki ya yi su da girma don su kai ku shekara uku. Rigarka tana jan ƙasa, hannunta ya wuce yatsunka. Takalmin Hannatu sai da na cusa tsumma a gaba, duk da haka in ta taka sai ta fita daga ciki ta bar shi a baya. Wannan duk bai ishe ni ba, na kafa doka: ba zama a ƙasa, ba gudu, ba kusa da miya. Na tuɓe ku kuka ci abinci tsirara, na sake sa muku kayan, na jingina ku da bango. Yaran unguwa suna ta tsalle a waje, ku kuna tsaye kamar waɗanda aka kawo gaban kumandan. Da rana ta yi sanyi na cire kayan na ninke na mayar adaka, ina yabon kaina wai ko ɗigon mai bai taɓa su ba. Ranar yara ce, amma riga ce ta ci moriyarta.

Saboda haka ka ji ni da kyau. Kayan da Rahila ta ɗinka wa yaran nan daidai jikinsu ne, na gwada musu da kaina. A sa musu tun da safe, kuma a bar su. In miya ta zuba akwai sabulu. Ranar jajibere da la'asar a ƙunsa wa Asabe lalle, na sa ƙullinsa a cikin ƙwaryar Rahila, kada ka ce wai 'yar mushe ba ta lalle. Uwar mushe ma tana yi. Kuma in an sauke tukunya a fara zuba wa yara kafin manya, hantar kaza da ƙundu nasu ne, a raba musu a tafin hannu suna tsaye a bakin murhu. Duk shekara sai yara su jira manya su ƙoshi, rana ɗaya dai manya su jira.

Na uku ya fi waɗannan nauyi. A wannan shekarar ta manyan riguna, ana gobe Kirsimeti, uwata ta zo daga Lugu. Ka san Iya, har ta koma ga Allah ba ta bar hanyar iyayenta ba, da iskokinta da doguwarta. Ta ji an ce ɗiyarta ta samu sabuwar salla, ba ta yi fushi ba, ta hau jaki ta kwana a hanya, ta zo da zabi biyu soyayyu da gyaɗa cikin taiki don jikokinta su yi salla. Ni kuwa a lokacin sabon shiga nake, na fi mai wa'azin kansa zafi. Na dubi zabin nan na ce ban san wa aka yanka wa su ba, ba za su shiga tukunyata ba. A ƙofar gida na faɗa mata haka, a gaban mutane. Ta dube ni ta ce, "Ni na yanka su, don ɗiyanki. In Allahnku bai son zabuwa, ki ba ni wuri in zamna, na gaji." Ban ba ta tabarma ba sai da babanku ya fito ya shimfiɗa mata tasa a gindin bedi.

Washegari bayan na tuɓe muku kayan nan na adaka, kuka sulale kuka tafi wurinta. Ina jiyo dariyarku daga madafa. Ta gasa muku gyaɗa a toka, ta koya muku wani wasan tafi, ta sa ka kawo mata shanunka na laka ɗaya bayan ɗaya tana yi musu kirari kamar na sarkin Fulani. Ta tambaye ka labarin gyaɗar da ke cikin sakaina, ka ba ta, ta saurara har ƙarshe ta ce, "Ashe talakka na, ɗan uwanmu." Duk Kirsimetin shekarar nan, awa biyun da kuka yi a gindin bedi su ne naku. Da sassafe ta ɗaura wa jakinta kaya ta koma, kuma ba ta sake zuwa mana Kirsimeti ba, ko da na aika mata daga baya har sau uku. Mai wa'azi da ya ji labari ya kira ni ya ce, a ina na karanta cewa a bar uwa a ƙofar gida? Ni da a lokacin ko karatun ban iya ba!

Kunyar abin nan ce ta sa shekarar da ta biyo na ce to, bana ƙofa a buɗe, kowa sai ya ci. Na tuƙa tuwo tukunya biyu, na jera akussa, na ɗora muku a ka ku kai gida gida. Nan ma sai da na yi wauta. Babanku ya ce a kira Malam na bayan gidanmu ya yanka kajin, na ce atafau, sallarmu ce, yankanmu za a ci. Kuka tafi da murna, kuka dawo da akussa, tuwo an kwashe, nama yana nan yadda na zuba shi. Hannatu tana kuka wai an ƙi abincinmu. Dija mai nono, matar Bafulatanin da ke sauka bayan gari, ita ta biyo ku har gida ta ce da ni a hankali, "Ba ƙi munka yi ba, maƙwabciya. Baɗi ki ba Malam wuƙa, ki ga in mun bar miki ko ƙashi." Tun daga nan Malam ke yanka mana, bayansa ɗansa, kuma ba akushin da ya sake dawowa da nama. Sai dai ya dawo da goro, da dabino, da ƙwan zabi, da nonon Dija, ku kuma ku zube su a tabarma kuna gardamar wa ya fi samu.

Ka riƙe wannan a Yamai. Na san can birni ne, kowa da ƙofarsa, kuma za ka ce ba ka san kowa ba. To, ta haka ake sanin mutane. Ka nemi maƙwabci Musulmi ya yanka, Rahila ta dafa da yawa, a ɗora wa Asabe ƙaramin akushi, ƙaninta ya bi ta da murfi. Kai ka tsaya daga nesa kana kallo, kada ka bi su kana gyara musu gaisuwa. Ko Zabarmawa ne maƙwabtan, ba sai an ji harshen juna ake karɓar tuwo ba. Yaro yana son a ba shi abu, amma ka lura da fuskarsa ranar da shi ne mai bayarwa, tafiyarsa ma sauyawa take yi. Kuma duk wanda ya zo ƙofarka ranar, ko da wane irin laya a wuyansa, ka ba shi tabarma tukuna.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tun ɗazu nake kewaye-kewaye, har babanku ya gama igiyarsa ya ce, "Halan littahi kike rubutawa?" Ba littafi ba ne, hannuna ne yake ƙin zuwa wurin.

Kana da shekara bakwai. Mai wa'azi ya ce yaran da suke so, kowa ya riƙe aya ɗaya ya faɗa ranar Kirsimeti. Ɗaya ya ce, kuma wanda yake so ya ce. Amma akwai wasu mata a majami'a da suka riga ni shiga, in na wuce sai in ji ana cewa 'yar Lugu, 'yar masu bori. Abin yana cina. Na ce a raina bana sai na nuna musu ɗan 'yar Lugu ya fi nasu. Na ɗora maka ayoyi goma. Ni kaina da ƙyar nake haɗa baƙaƙe a lokacin, sai in sa yatsa a layi ina bi, in ka yi tuntuɓe in zabga maka tsumagiyar tsamiya. Wata guda muna haka. Shekarar nan ko saniya ɗaya ba ka gina ba, don na ce ba laka sai an iya. Babanku ya ce, "Ki rage mai, yaro na." Na ce ya fita harkata, shi da bai damu da abin da ake faɗi a kanmu ba.

Ranar ta zo. Ka fita gaba cikin rigar nan da sai a shekarar ta yi maka daidai. Ka faɗi ta fari, ta biyu, ta uku, muryarka tana fita tar. Sai ka ɗago ido ka dube ni. Ban san me ka gani a fuskata ba, amma na san ba murmushi ba ne, don ina zaune ina ƙirga saura bakwai. Ka tsaya. Ka buɗe baki, ba abin da ya fito. Can sai na ga ruwa yana bin ƙafarka yana taruwa a ƙasa. Wasu yara suka yi dariya, iyayensu suka kwaɓe su. Mai wa'azi ya taso ya dafa kanka ya ce, "Madalla, ukku ya ba mu, mu da munka roƙi guda." Aka tafa maka. Har matan nan da nake gasa da su, ɗaya ta cire mayafinta ta rufa maka. Duk ɗakin nan ba wanda ya ga laifinka sai mutum ɗaya, ita ce kuma ta ja hannunka zuwa gida.

Ban duke ka ba ranar, da ma dukan na yi ya wuce. Na zaunar da kai a zaure na ce tunda ka kunyata ni, ba hanta, ba akushi, ba fita. Hannatu ita kaɗai ta kai tuwo gida gida, tana wucewa ta gabanka tana dawowa da dabino, kana zaune ka haɗa kai da gwiwa. Babanku ya saci cinyar kaza ya kai maka, ka girgiza kai. Da la'asar zuciyata ta sauko na kawo maka hantar da kaina, na ajiye a gabanka na juya na tafi. Ba ka taɓa ta ba, kaji suka cinye.

Daga shekarar nan ba ka sake cin hantar Kirsimeti ba. Kullum sai ka ce ka ƙoshi. Ba ka sake gina shanu ba, ka ce ka girma. In ranar ta matso sai ka yi shiru, ka riƙa neman aikin da zai fitar da kai daga gida. Kana tsammani ban lura ba? Ina gani, shekara bayan shekara. Da aka sa ka lakwal ka zama yaron da ba ya mance ko kalma ɗaya, kullum kai ne na fari, ni kuma sakarya ina yawo ina cewa tarbiyyata ce. Tsoro ne na dasa maka, ya yi 'ya'ya masu kyaun gani, na riƙa tsinka ina rabawa a gari. Sai shekaranjiya da na ga ƙwaurin Asabe na gane inda sauran 'ya'yan suka faɗi.

Kuma na san dalilinka, don irin nawa ne sak. Kana so manyan Yamai masu kwat da takalmi su ga mushen da ya fito daga Arewa ba baƙauye ba ne, 'yarsa ma Faransanci take yi. Haba, Baban Asabe! Nasara sun tattara sun ba mu ƙasarmu, kai kuma yanzu ne za ka tsayar da 'yarka tana rawar jiki a harshensu don wasu su gyaɗa kai? Mutanen nan kafin su kai ƙofar majami'a sun mance da ita, hankalinsu yana kan shinkafarsu. Ita ce za ta riƙe ranar har ta yi furfura. In kana da abin da za ka nuna musu, ka nuna a aji, aikinka ne, an san ka da shi. Yarinya ba allon lakwal ba ce.

Ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ka ba. Kafin ku sauke kaya daga kamyo ka kira ta ka gaya mata da bakinka an sauke mata ayoyin nan, kuma Kirsimeti za ta zo gidanku ko ta iya ko ba ta iya ba. Ka faɗa mata sau biyu, don karon farko ba za ta yarda ba. Tsumagiyar kuma a sa ta a murhu. In daga baya ita da kanta ta ce tana so ta faɗi wani abu a majami'a, a ba ta aya ɗaya, gajera, da Hausa, wadda ta san ma'anarta. In ta fita gaba ta dube ka, ka tabbata abin da za ta gani a fuskarka ba irin wanda ka gani a tawa ba ne. In ta mance, ka tashi da tabaranka da kwat ɗinka ka je ka tsaya kusa da ita ku faɗa tare, ko ka ɗauke ta ku dawo wurin zama, ka ce mata ta yi ƙoƙari. In kun koma gida ita za a fara ba hanta.

Saura magana ɗaya. Kai ɗan fari ne, al'ada ta ce kada in kira sunanka, kada in zauna ina hira da kai, kada a ga ina ji da kai. Na fake a bayan wannan shekara ashirin da wani abu. Amma al'ada ba ta taɓa hana ni in ce na yi kuskure ba, ni na hana kaina. Iya ta tafi ban roƙe ta gafarar ƙofar gida ba, kullum ina cewa sai ta zo, har aka aiko mini an binne ta. Ba zan sake wannan da kai ba. Abin da na yi maka kana ɗan shekara bakwai zalunci ne, ba tarbiyya ba. Ba ka kunyata ni ba ranar, uku ka faɗa kuma daidai ka faɗe su, ni ce na kunyata kaina. Ka yafe mini.

Ba sai ka rubuto amsa ba, na san kai ma kunyar tana hana ka, kuma in ka rubuto rabi Faransanci za ka cusa, sai na nemi mai fassara. Amsar da nake jira, in kun zo hutu in tambayi Asabe yadda Kirsimetin Yamai ta kasance, ta cika mini kunne da surutu har in kore ta.

Babanku yana gaishe ku, Hannatu da mijinta suna gaishe ku. Allah ya tsare fitarku da shigarku, ya tsare ku a hanya da masauki, ya ba Rahila haƙurin zama da kai, ya raya yaran nan cikin lafiya. Ya ba ka hannu mai sauƙi a kansu, wanda ya fi na uwarka. Amin.

Ni ce,
Innarku, daga Dogon Dutsi.